Wane ne daƙiƙi?

A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya ce basira iri bakwai ce: ta harshe, lissafi, kiɗa, sarrafa jiki da sauransu. Malaman harshe da yawa suka yi na'am, don tun shekarun 1970 Georgi Lozanov na Bulgeriya yake koyar da harsuna da kiɗa, ba tsawa ba tsoro. Masu suka kuwa suka ce ina hujjar gwaji? Baiwa ce kawai aka sauya wa suna.

Ni dai a firamare daƙiƙi ake ce min saboda Turanci, alhali waƙa sau ɗaya zan ji in haddace. Ko da Gardner ya yi kuskure, wallahi bulala ba ta koya min komai ba.