Mamaya a Rigar Doka: Yadda Tarayyar Sobiyet ta Haɗiye Istoniya a 1940

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi matakan da Tarayyar Sobiyet ta bi wajen haɗiye Istoniya, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ta nuna cewa yarjejeniya da wa'adi da zaɓe sun yi wa Mosko aikin da ya kai na tankokin yaƙi.

Asalin lamarin

A yarjejeniyar Tartu ta 2 ga Fabrairu 1920, Rasha ta sa hannu cewa ta saki Istoniya har abada. Amma a ranar 23 ga Agusta 1939, ministocin harkokin wajen Sobiyet da Jamus, Molotov da Ribbentrop, suka raba gabashin Turai a wata takardar asiri, Istoniya ta faɗo a rabon Mosko. Ba a daɗe ba wani jirgin yaƙin Folan mai nutso, Orzeł, ya sulale daga tashar Tallinn inda ake tsare da shi. Mosko ta fake da guzuma ta harbi karsana, ta ce maƙwabciyarta ba ta iya gadin gaɓarta. Ranar 28 ga Satumba aka tilasta wa Istoniya karɓar sojan Sobiyet har 25,000, adadin da ya zarce nata sojan.

Zaɓen da ba zaɓi

Nan ne zuciyar binciken. Wa'adin Mosko ya zo ranar 16 ga Yuni 1940, washegari soja suka kwararo. Wakilin Sitalin, Andrei Zhdanov, ya zauna a ofishin jakadancin Sobiyet ya tsara sabuwar gwamnati ƙarƙashin Johannes Vares, Shugaba Konstantin Päts ya sa hannu. A zaɓen 14 da 15 ga Yuli, an soke kusan duk 'yan takarar adawa tun kafin a jefa ƙuri'a, sannan aka sanar da nasarar kashi 92.8 cikin ɗari. Majalisar da ta fito daga wannan zaɓe ita ta roƙi shiga Tarayyar, aka amsa mata ranar 6 ga Agusta. A ganinmu, roƙon da aka yi da wuƙa a maƙogwaro ba yarda ba ne. Mai karatu a ƙasar Hausa zai tuna yadda Turawa suka dogara da takardar da Joseph Thomson ya samo a 1885 suka yi da'awar Sakkwato.

Abin da ya biyo baya yana da ɗaci. Ranar 14 ga Yuni 1941 aka loda kimanin mutum 10,000 a taragon dabbobi zuwa cikin Rasha, galibinsu mata da yara da tsofaffi. Päts kansa ya rasu a tsare a asibitin masu taɓin hankali a 1956.

Amurka ta ƙi amincewa da haɗiyar tun sanarwar da jami'inta Sumner Welles ya yi ranar 23 ga Yuli 1940, jakadun Istoniya suka ci gaba da aiki a waje shekara hamsin. Sai ranar 24 ga Disamba 1989 majalisar Sobiyet ta amsa cewa akwai waccan takardar asiri ta Molotov da Ribbentrop, ta kuma ce ba ta da inganci tun ranar da aka sa mata hannu.