Minah Karan ta tsufa

Da aka ce mu rubuto wani abu a kan tarihin ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu, sai wata abokiyar karatuna ta faɗo mini a rai. Duk ɗakin bincikenmu ba wanda ya kai ta lissafi, wallahi. Ana shekara ta biyu ta ajiye karatun, ta koma Kelantan jinyar mahaifiyarta, ga goyo.

Mahaifiyar tata tana cikin 'yan matan da suka ɗaga Malesiya. A 1971 aka yi dokar keɓe yankunan masana'antu da aka ɗauke wa haraji. A 1972 Intel ta buɗe a Penang, wasu kamfanonin suka sauka a Sungai Way da Ulu Klang, nan gefen Kuala Lumpur. Dubban 'yan matan ƙauye aka kwaso, suna wuni ido a madubin ƙara girma suna haɗa ƙananan kayan lantarki. Mutanen birni suka yi musu laƙabin raini, Minah Karan, kamar ka ce Amina 'yar lantarki.

Kamfanonin sun fi son marasa aure. Wadda ta haihu, ko ta bar aiki, ko ta miƙa jaririn ƙauye wurin kaka, kamar dai yadda ake yi a gida. Dokar gidajen raino sai 1984 ta zo. Masu hali suka riƙa ɗauko 'yan aiki daga Indonesiya, shi ya sa da hukumomin can suka dakatar da turo su a 2009, gidaje da yawa suka ji a jikinsu. Tun daga shekarun 1980 har 2010, matan da ke aiki ko neman sa ba su kai rabi ba, alhali maza na wajen kashi 80 cikin ɗari. Yau mata sun fi maza yawa a jami'o'in gwamnati, kowa a nan shaida ne.

An ɗan motsa. Daga Janairun 2023 hutun haihuwa ya tashi daga kwana 60 zuwa 98, uba kuma kwana 7. Amma a ganina lissafin raino kawai aka yi, an manta da jinya. Wadda ta shiga masana'anta tana 'yar 18 a 1972 yanzu ta kai saba'in. Kakar da tsarin ya jingina da ita, ita ce yau ke kwance, kuma 'ya mace ake kira.

Har yanzu takan turo mini saƙo ƙarfe biyun dare, bayan ta juya tsohuwar, tana tambayar inda gwajinmu ya kwana.