Daga Regan Zuwa Mia: Shekara 50 Ana Nuna Shafar Aljanu a Majigi

Da yawanmu kallon shirme muke yi wa finafinan ban tsoro, musamman waɗanda aka shirya domin matasa: ihu, jini, yarinya ta juya idanu, shi ke nan. Sau da yawa da gaskiyarmu. Amma a cikin tarkacen akan samu wanda ya cancanci a tsaya a kansa, kuma ba za mu gane darajarsa ba sai mun san inda aka faro.

Mafarin shi ne The Exorcist, wanda William Friedkin ya ba da umarni, ya fito a Amurka a watan Disamba na 1973. An ɗauko shi daga littafin William Peter Blatty na 1971, shi kuma Blatty ya gina labarinsa a kan wani yaro da limaman Katolika suka yi wa addu'ar fitar da aljani a 1949. Ya mayar da yaron mace, Regan, 'yar shekara 12. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni 10, ya ci biyu, kuma shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da aka sa a takarar gwarzon fim na shekara.

Sai dai mu lura, labarin ba na Regan ba ne. Ita tana ɗaure a gado. Masu magana su ne manya: uwa wadda ba ta damu da addini ba, likitoci da suka gama gwaje-gwajensu suka rasa ta cewa, da limami Karras wanda imaninsa ke tangal-tangal. Jikin yarinyar fage ne kawai da asibiti da coci ke gwada ƙarfi.

Wannan takaddama ta ci rai a zahiri. A 1976 Anneliese Michel ta rasu a Jamus tana da shekara 23, bayan an shafe watanni ana mata addu'ar fitar da aljanu, alhali likitoci sun ce farfaɗiya take fama da ita. Yunwa da ƙishirwa suka kashe ta. A 1978 kotu ta sami iyayenta da limamai biyu da laifin sakaci. Daga labarinta aka yi The Exorcism of Emily Rose a 2005. Mu da muka san gardamar ko a kai mara lafiya asibiti ko wajen mai ruƙiyya, wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu.

Sai ga Talk to Me daga Ostireliya, wanda ya shiga sinimomi a 2023. Tagwaye ne suka yi shi, Danny da Michael Philippou, waɗanda suka yi suna a YouTube. Kimanin dala miliyan 4.5 aka kashe, ya dawo da sama da miliyan 90. A nan babu limami ko ɗaya. Matasa ne da kansu ke taruwa a ɗaki, su kunna kyandir, ɗaya ya kama wani busasshen hannu, ya ba ruhin matacce izinin shiga jikinsa, sauran na dariya suna ɗauka a waya. Doka ɗaya ce: kada a wuce daƙiƙa 90.

A nan muke ganin fifikonsa. Danny Philippou ya ce wani bidiyo ne ya zaburar da shi, inda wani yaro ke shure-shure a ƙasa bayan ya sha ƙwaya, abokansa na ɗauka suna dariya. Don haka hannun nan maye ne, kuma fim ɗin bai tsaya yi mana wa'azi a kai ba. Mia, 'yar shekara 17 wadda Sophie Wilde ta fito a matsayinta, ba mugunta ta kai ta ba. Mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta kasa daddara. Da ta ji kamar muryar uwar ce ke fitowa daga bakin Riley, ƙanen ƙawarta, sai ta hana a katse, lokaci ya wuce, yaron ya dinga buga kansa har ya kusa mutuwa. Wa zai rantse cewa shi zai iya katsewa?

Yana da rauninsa. Rabinsa na biyu ya yi sanyi, an kuma bar mahaifin Mia kamar hoto a bango. Amma ƙarshensa ya biya bashi: Mia ta tsinci kanta cikin duhu, ta hango hasken kyandir, ta miƙa hannu, sai ga ta a gaban wasu baƙin samari a wata ƙasa, ɗayansu riƙe da hannunta yana jiran ta yi magana.