Daga Kakalaba zuwa Ambaliya: Tarihin Ruwan Sama a Adar da Majiya

A ƙasar Adar da Majiya, daga Madawa zuwa Buza da Keita, tsofaffi kan ƙirga shekaru da sunayen yunwa. Akwai Kakalaba ta 1913 da 1914, akwai farin 1973, akwai kuma El-Buhari ta 1984, wadda ta ci sunan shugaban Najeriya na lokacin saboda rufe iyaka da ya yi ana tsakiyar wahala. Duk wanda ya tashi a Babankatami ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya ji waɗannan sunaye tun yana yaro. Abin da bai kai kunnen jama'a da yawa ba shi ne yadda bayanin masana game da wannan fari ya sauya a cikin shekaru hamsin.

Da farko, talaka aka ɗora wa laifi. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da ƙarewar ciyayi kan tone ƙasa, ƙasar da ta tonu kuma ta hana hadari haɗuwa. An daɗe ana koyar da wannan magana kamar ba ta da ja. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa babban tushen farin Sahel yana cikin teku: sauyin ɗumin ruwan Atlantika da na tekun Indiya ne ya raunana iskar da ke kawo mana damana. Ashe gatarin manomin Buza bai isa ya kori girgije ba, ko da yake ya isa ya bar gonarsa fako.

Mutanen yankin ba su jira hukuncin masana ba. Tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tare da ƙungiyar CARE, don kare hatsi daga iska. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO. Mata ne suka fi ɗaukar nauyinsa: su suka kwashi duwatsu a ka, suka jera su a kan tudu, suka haƙa ramukan tare ruwa, ana biyan su da abinci. An dasa itatuwa kusan miliyan 18.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma da wani hali na daban. Binciken Christopher Taylor da ya fito a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadurra masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, kuma ya danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Manomi ya riga ya gani da idonsa: ruwan da ya kamata ya rabu cikin kwanaki sai ya zuba a dare ɗaya, ya cika ƙorama, ya yage gona, sannan sama ta yi shiru hatsi na tsaka da girma. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun rushe gidaje masu yawa a faɗin Nijar.

Saboda haka duwatsun da iyayenmu mata suka jera don maganin fari su ne a yau garkuwarmu daga ambaliya, kuma duk shingen da ya karye ba a gyara ba, gonar da ke ƙarƙashinsa ce za ta biya. Ya kamata mu malamai da ƙungiyoyin al'adu mu tattara sunayen shekarun yunwa daga bakin tsofaffi tun suna raye, mu kafa ma'aunin ruwan sama a farfajiyar kowace makaranta, mu sa ɗalibai su riƙa rubuta ranar shuka da ranar ruwan ƙarshe kowace damana.