Ranar da Dare Ya Yi da Rana Tsaka

Ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsoho a garinku, tambaye shi labarin shekarar 1973. Zai gaya maka fari da yunwa da mutuwar bisashe. In kuwa ya zauna ƙasar Abzin, arewa da Agadas, zai ƙara maka wani labari.

Ran Asabar, 30 ga watan Yuni 1973, da rana tsaka, sai haske ya fara raguwa. Can sai rana ta rufe ruf, taurari suka fito. A wani wuri cikin hamadarmu duhun ya kai minti 7. Wannan shi ne husufin rana.

Ga abin mamaki: tun kafin ranar, masana daga ƙasashe dabam-dabam sun iso da kayan aikinsu suna jira. Har wani jirgin sama na Faransa mai suna Concorde ya bi inuwar a guje. Ya yi minti 74 cikin duhun, ya ratsa samaniyar Nijar, ya sauka Cadi. To, wa ya gaya musu ranar? Ba duba suka yi ba, lissafi ne.

Ka san duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, shi ke kawo dare da rana. Tana kuma kewaya rana cikin kwana 365 da kwata. Wata shi ma yana kewaya duniya. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro.

Idan wata ya gitta daidai tsakaninmu da rana, sai ya tare ta, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Don haka husufin rana ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Ba kowane wata ake yi ba, domin hanyar wata a karkace take kaɗan.

Za ka ce, ƙaƙa ƙaramin wata zai rufe babbar rana? Rufe ido guda, ka ɗaga babban yatsanka gaban ɗayan, za ka ga ya ɓoye maka rumbu sukutum. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma ta fi shi nisa wajen sau 400. Tsakaninmu da ita kilometir miliyan 150 ne.

Wannan sani ba jiya ya fara ba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, mutanen Babila, cikin ƙasar Iraki ta yau, sun yi ta rubuta kowane husufi a allunan yumɓu. Da jikoki suka duba rubutun kakanni, sai suka gane husufi yana komowa bayan shekara 18 da kwana 11. Ka ga amfanin rubutu ke nan. Ba don shi ba, da kan mutum ɗaya bai riƙe wannan ba.

Ɗauki alƙalami ka gwada. Ƙara shekara 18 da kwana 11 bisa 30 ga Yuni 1973: 11 ga Yuli 1991, an yi husufi a Meziko. Ƙara kuma: 22 ga Yuli 2009, an yi a Indiya da Sin. Ƙara kuma: 2 ga Agusta 2027, inuwar za ta bi ta Masar da Makka. Mu nan gefen rana kawai zai rufe.

Husufin 1973 ya zo cikin fari, amma ba shi ya kawo farin ba. Ranar da Ibrahim, ɗan Annabi (SAW), ya rasu an yi husufi. Annabi ya nuna wa mutane ba don mutuwar kowa ake yinsa ba, ya umurce su da salla.

Haɗarin husufi a ido yake. Kada ka kalli rana, ko da baƙin tabarau, ko cikin ruwan ƙwarya, tana iya ƙona ido har abada. Ka tsare yara. In kana son gani, ɗaga rariya cikin rana ka dubi inuwarta a ƙasa. Kowace huda za ta nuna maka rana kamar jinjirin wata.

Rubuta ranar 2027 cikin littafinka, ka karanta wa mutanen gida.