Maraya a Finafinanmu: Daga Shehu Umar Zuwa Kannywood

Yau tarihi za mu taɓa: yadda fim ya riƙa nuna yaron da uwa ko uba ya rasu ya bari. Maraya ya daɗe a labaranmu, amma sau da yawa wahalarsa ake nuna mana, a tsallake abin da ke cin zuciyarsa.

Mu fara da tatsuniya, tunda ita ce fim ɗin kakanninmu. Kowa ya san marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa, a hana ta tuwo, a aike ta rafi mai nisa. Ta yi haƙuri, ƙarshe ta auri ɗan sarki, 'yar kishiya ta kunyata. Ku lura, kafin a gama cewa ga ta nan ga ta nanku, uwar ta riga ta mutu. Ba a gaya mana daren farko da yarinyar ta kwana ba uwa.

Daga nan sai rubutu. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da suka fito akwai Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin yana malamin makaranta. Umar ya rasa uba tun bai yi wayo ba. Uwarsa ta sake aure, aka kori mijin daga gari saboda makircin fada, shi kuma yaron aka sace shi, ya faɗa bauta, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwar ta bi sawu nemansa, ita ma aka bautar da ita. Sun haɗu daga ƙarshe, ba ta jima ba ta rasu. Mu a ƙasar Gumel wannan labari bai yi mana nisa ba. A ƙarni na 19 masarautar Lautai tana tsakanin Kano, Haɗeja da Damagaram, ta ga yaƙi da hari, kuma ta Damagaram ayarin Kano ke bi ya shiga Sahara.

A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin fim, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano shi a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin, Jamus, a 2018. Abin da ya burge ni da shi, Umar ya zama babban malami, ɗalibai na kewaye da shi, amma kewar uwa ba ta sake shi ba. Wato tun a 1976 fim ɗin Hausa ya san cewa girma ba ya goge maraici.

To, a waɗannan shekarun abin da ya cika silimu na Kano irin su Plaza da Orion finafinan Indiya ne, daga baya kaset ya kawo mana su har gida. Indiyawa gwanaye ne wajen sa mutum hawaye da maraya. Ku tuna Kuch Kuch Hota Hai na 1998: uwa ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa 'yarta wasiƙu 8, ɗaya a kowace shekara. Dabara ce mai kyau, domin yarinyar ta san muryar uwarta. Amma ina labarin ya dosa? Neman wa uba mata. Maraicin yarinyar ya zama tsani, soyayyar manya ta hau kai.

Fim ɗin Hausa na kaset ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, 1990, shekara guda kafin a ƙirƙiro Jigawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 masana'antar ta samu sunan Kannywood. Ta gaji tatsuniya, ta gaji Indiya, sai ta fitar da salon da duk wanda ya zauna a gidan kallo ya haddace. Alhaji ya rasu a minti biyar na farko. An yi zaman makoki. Baffa ya danne gado. Yarinya ta koma talla, yaro ya koma dako. Sai rubutu ya fito a allo: bayan shekara 20. Ga maraya cikin mota, ga baffa yana neman gafara. Jama'a, waɗannan shekaru 20 da ake tsallakewa, ai su ne labarin.

Me ya jawo haka? Na farko kasuwa. A zamanin kaset da faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke da ta cewa, kuma abin da ke sayar da fim shi ne fuskar jarumi da waƙa. Fim ɗin da ɗan shekara 7 ke jan ragamarsa ba shi da waƙar soyayya. Na biyu mu kanmu. Idan aka yi rasuwa, maza suna zaune a ƙofar gida kwana uku, matar mamaci tana da takaba wata huɗu da kwana goma. Yaro fa? A tura shi maƙwabta har a dawo daga maƙabarta, a ce masa Baba ya yi tafiya. In ya yi kuka, a sa masa alewa a hannu, a ce ya yi haƙuri. Abin da gida ya ɓoye, da wuya kyamara ta tono shi.

Kada a ce sai Turawa ke iya irin wannan fim. A 1982 Gaston Kabore na Burkina Faso ya yi Wend Kuuni da harshen Mosi. An kori wata mata daga ƙauye don ta ƙi sake aure bayan mijinta ya ɓace, ta mutu a daji, ɗanta ya rasa magana saboda firgici. Wani masaƙi ya riƙe shi, yana kiwo, 'yar gidan tana janyo shi da wasa, har ranar da bakinsa ya buɗe ya faɗi abin da ya gani. Ba gado, ba mota. Ƙauye ne irin namu, da gero da awaki, kuma fim ɗin ya zaga duniya.

Addininmu ma bai hana ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa uba kafin a haife shi, uwa yana shekara 6, kaka yana shekara 8. Ya tabbata cewa bayan ya girma ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Hawaye bai rushe tawakkali ba.

Dalilin ɗauko wannan magana, a watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, nan kusa da mu, sama da mutum 150 suka rasu. An kai tallafin kuɗi da abinci, Allah ya saka. Amma akwai yaran da har yau suke zabura in sun ji ƙarar babbar mota. Ƙara da waɗanda haihuwa ta ɗauke wa uwa, da waɗanda uba ya fita cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, hatsarin hanya ya hana shi dawowa. Yaron da ya kalli fim ya ga wani kamarsa yana tambaya, yana fushi, yana mafarkin uwarsa, zai gane cewa ba shi kaɗai ba ne. Goggon da ke riƙonsa ita ma za ta gane dalilin shirunsa.

Yau 'yan Ƙofar Wambai ba su ke yanke hukunci ba. Waya da YouTube sun isa. Matasanmu masu haɗa barkwanci a Gumel da Gagarawa, ku gwada gajeren fim na minti 15 a kan mako guda kacal bayan rasuwa, daga idon yaro. Ku bar baffa da gadonsa, ku tsaya da yaron. Mu kuma a gida, mu daina cewa Baba ya yi tafiya. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a koya masa yi wa mamacin addu'a, a bar shi ya ambaci sunansa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya raya abin da suka bari. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.