Kifi a Ƙasar da Ba Ta da Kogi

A watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku, James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka gangaro daga Abzin a cikin ayarin gishiri, suka sauka a Damargu. A Tagelel suka yi sallama da juna, Richardson ya nufi Damagaram, sauran biyun suka yi wajen Tasawa. Abin da ya cika musu ido a ƙasarmu, bayan watannin da suka shafe suna kallon duwatsu da rairayi, shi ne rumbuna da dammunan hatsi. Da hatsi aka san Damargu. Shi Abzinawa suke aunawa su kai Bilma da Fashi su musanyo gishiri da dabino, shi ya ciyar da Agadas, kuma saboda shi manyan Abzinawa suka riƙa zaunar da bayinsu da barorinsu a nan suna yi musu noma. Ollelewa, inda aka yanke mini cibiya, tana cikin tsofaffin garuruwan wannan harka.

Kogi kuwa ba mu da shi, ko ƙorama mai gudu rani da damina. Ruwan shekara ba kasafai yake kai milimita 400 ba. Abin da muka dogara da shi rijiyoyi ne masu zurfi, sai tabkuna da ke cika da damina su ƙafe kafin bazara ta yi nisa. Don haka kifi bai shiga tukunyar kakanninmu ba. Abzinawa ƙyamarsa suke yi tun fil azal, Fulani suna da nono, manomi kuwa, cikin Dagirawa ne ko Hausawa, miyarsa kuka ce da daddawa, nama sai ranar kasuwa ko da salla. Na tarar da tsofaffi da dama waɗanda har suka koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin ɗanyen kifi ba.

Amma ƙasar kanta ta san ruwa fiye da mutanenta. Lokacin da nake aikin malamin dabbobi, in muka fita rigakafi wajen tuddan Tanut, yaran makiyaya kan kawo mini wasu duwatsu naɗaɗɗu masu zane a jiki, su ce in saya. Kwanson halittun teku ne da suka zama dutse. Wani Bafaranshe masanin duwatsu, René Chudeau, ya rubuta bayaninsu tun 1909, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsu sun haura miliyan 90, zamanin da teku ya malale wannan yanki. Can arewa, a Gobero cikin Tenere, tawagar Paul Sereno ta ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000. Mutanen farko da aka binne a wurin, shekaru sama da 8,000 da suka wuce, masunta ne. An tono masu na ƙashi da suke sukar kifi da su, da ƙasusuwan giwan ruwa mai kusan mita 2, a wurin da yau raƙumi ma sai da guzurin ruwa.

Kifin da ya fara shigowa kasuwanninmu busasshe ne, daga gabas. Masuntan Tafkin Chadi sukan yanka kifi gunduwa-gunduwa, su babbaka shi, su ƙyafe shi ya zama banda. Mafi yawanta Najeriya take tafiya, ta Baga da Maiduguri har Onica da Legas. Abin da ya rage ya biyo hanyar Gigimi da Diffa da Gure zuwa Damagaram, musamman bayan an shimfiɗa kwalta a wannan hanya a shekarun 1970, daga can 'yan koli su hauro da ita arewa zuwa Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut. Kafin ta iso mu ta sha tafiya, ƙwari sun ci rabonsu, rabin buhun ya zama gari. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wannan garin take saye, ba gunduwar ba. Takan ɗebi kaɗan da yatsu uku ta daka tare da daddawa, maƙwabta su ji ƙamshi su ce yau an yi baƙi a gidan nan.

Bandar kanta ta canza a idonmu. A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, na 1984 ya ƙarasa abin da ya rage, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Ɓangaren arewa, namu na Nijar, ya sha ƙafewa ƙurmus. Kifayen da ke son buɗaɗɗen ruwa, irin su giwan ruwa, suka yi ta mutuwa cikin ruwan da ciyayi suka shaƙe, aka bar tarwaɗa da gaiwa da karfasa. Biyun farko sun tsira ne saboda ba da ruwa kaɗai suke numfashi ba, suna leƙowa sama su shaƙi iska. Shi ya sa yaron yau in ka ce masa banda, naɗaɗɗiyar tarwaɗa baƙa yake gani. Sai kuma rikicin Boko Haram ya sa hukuma ta hana su da fataucin kifi a jihar Diffa a 2015, ba a sassauta ba sai 2019, kuma a tsakanin nan miya ta koma gidan jiya a gidaje da yawa.

Gaiwa ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma a fadamun kudu, wajen dangin mahaifiyata, na fara ganin yadda ake haƙo ta. Da rani tsaka, tabki ya bushe ya tsattsage, sai ka ga mutum yana tafe a hankali kansa a sunkuye yana neman wani ɗan rami. In ya gani ya sa fartanya, ya ɓanɓaro ƙaton hoge, ya fasa. Ga ta nan a naɗe, wutsiya ta rufe fuska, cikin wata busasshiyar fata ruwan ƙasa da ta yi da majinar jikinta, saura 'yar kafa daidai bakinta inda iska ke shiga. Ka jefa ta a ruwa, ba da jimawa ba ta warware ta fara motsi, ta kuma cije ka in ka yi sake. Hausawa sun ce jikinta take ci, har akan kira ɗan kasuwar da ke cin uwar kuɗinsa da sunanta. Ba su yi ƙarya ba, domin naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da shi watanni, a ɗakunan bincike ma an ga wadda ta shekara uku a haka. Richard Owen ne ya fara bayyana ta ga masana a Ingila a 1839, daga wadda aka kai masa daga Gambiya.

Gaiwa huhu gare ta na sosai. Sauran kifaye kuwa, in ka farke cikin karfasa, za ka ga wata farar jaka siririya manne da ƙashin baya, cike da iska. Da huhun gaiwa da wannan jaka, daga wuri ɗaya suke tsirowa a gaban hanji tun kifin yana ƙwai. Aikin jakar shi ne daidaita nauyin kifi da na ruwa, ya tsaya inda ya ga dama, kada ya nutse kada ya taso. Tarwaɗa da ke kwana a ƙasa tata 'yar ƙarama ce, a kulle cikin ƙashi. Akwai wani ƙurungu a Kwara da Chadi da Nilu wanda a rigingine yake iyo lafiyarsa ƙalau, har Misirawan dā sun zana shi haka a bangon kaburbura. Ta giwan ruwa kuma dukiya ce: a Tafkin Biktoriya ana busar da ita a kai Hong Kong da Sin, kilo ɗinta ya ninka na tsokar kifin nesa ba kusa ba.

Bayan samun 'yancin kai ne ma'aikatan ruwa da gandun daji suka fara zuba 'ya'yan kifi a tabkunan ƙasar nan. Inda ruwa ke kwana shekara, kamar Tabalak da Madarunfa da Gidimuni, abin ya karɓu, har baƙin masunta suka zo da komarsu da mamarinsu. A irin namu na Damargu ina da ja. Tabkin da zai ƙafe cikin wata huɗu ko biyar, in ba tarwaɗa ba, zuba masa kifi asarar man mota ce. Ga shi kuma ruwan shan dabbobi ne tun kafin a haifi mai aikin, kuma na raba rigimar makiyayi da mai koma a bakin ruwa ba sau ɗaya ba. Ɗanyen kifi dai ya zama abin da ake gani a nan ne da zuwan kwalta da ƙanƙara, sai kuma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a yankinmu a watan Nuwamba na 2011, wadda ta kawo ma'aikata daga kudu masu kuɗin saye da bakin da ya saba.

Na baya-bayan nan shi ne kifin da ba a ci. Jikana da ke karatu a Kano ya zo hutu da wani ɗan kifi shuɗi mai jan gefe a cikin kwalba, bai fi tsawon yatsa ba, wutsiya har tana jan ƙasa. Kakarsa ta dube shi ta ce, "Kai maigida, wannan ne cefanen da ka yo mini? Ko ɗanɗanon gishiri bai isa ba."

Betta ake kiransa, asalinsa gonakin shinkafa da kududdufan Tailan, ƙasar da a dā ake kira Siyam. Mutanen can sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna kiwon mazansa don faɗa, ana caca a kai. Wani likita, Theodor Cantor, ya rubuta bayaninsa a 1849, Charles Tate Regan ya raɗa masa sunan da masana ke amfani da shi a 1910, Tailan kuma ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa a 2019. Shi ma ɗan gidan su tarwaɗa ne a ɗabi'a: yana da wata gaɓa a saman matsattsar numfashinsa da yake shaƙar iska da ita, shi ya sa yake jure ƙaramin ruwa. Wannan juriya ita ta jawo masa wahala, domin masu sayarwa kan ce ko a kofi zai rayu.

Da hunturu ya kankama, wata safiya yaron ya same shi kwance a gefe ɗaya a saman ruwa, ciki a kumbure, in ya yunƙura zai nutsa sai ya sake tasowa.

"Baba Tsoho, ya mutu ko?"

Bai mutu ba. Da aka bi diddigi, Hajiya, kakar yaron, ce ke marmasa wa kifin burodi duk sanda ta gifta, wai baƙo ba ya kwana da yunwa a gidanta. Duk wanda ya taɓa ganin tunkiya ta faɗa wa buhun hatsi ta kumbura ya san ciwon. Hanji ya cika ya danne jakar iska, sanyi kuma ya hana abincin narkewa. Kifin nan ruwa mai digiri 24 zuwa 28 yake so, daren Janairu a Damargu kuwa yakan sauka ƙasa da 15, kuma ruwan kwalba nan da nan yake bin sanyin ɗaki.

Maganin ba na kanti ba ne. A hana shi abinci kwana biyu ko uku, ba abin da zai same shi. A mai da shi mazubi mai faɗi, a rage zurfin ruwan don kada ya gaji kafin ya kai ga iska. A riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda ɗuminsu ya zo ɗaya, in na famfo ne a bar shi ya kwana maganin da ke ciki ya fice. Idan ya miƙe, a koma ba shi ƙwaya biyu ko uku na abincinsa, a jiƙa su tukuna, ko 'ya'yan sauro daga gindin randa, don shi maci ƙwari ne, burodi da tuwo ba cimarsa ba ne. Namu ya miƙe kafin hutun ya ƙare. Ba kowanne ke sa'a ba: in ka ga ɓawon jikinsa ya tattashi tsaye tare da kumburin, ciwon ya kai ƙoda, da wuya ya tashi.

Abin da ya fi wuya a nan shi ne riƙe ɗumin ruwa inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Ruwa mai yawa ya fi jinkirin hucewa, don haka lita goma ta fi kwalba aminci. Da hunturu a sa mazubin a ƙuryar ɗakin ƙasa, nesa da ƙofa, a lulluɓe shi da bargo da dare, a bar kafar iska a sama. Da bazara, sanda zafi ke haura digiri 40, sai a juya dabara: a kai shi inuwa kusa da randa, a naɗe mazubin da jiƙaƙƙen buhu, a kuma rufe bakinsa da abin tata, domin kifin yana tsalle.